Ziyarar Elmina da Cape Coast a Gana: Tambayoyi da Amsoshi

Elmina da Cape Coast garuruwa biyu ne maƙwabta a bakin Tekun Atlantika, a Yankin Tsakiya na ƙasar Gana. Kowanne yana da katafaren gidan yaƙi da Turawa suka gina, fari fat, da igwoyi jere a kan katanga suna fuskantar ruwa, da kurkukun bayi a ƙarƙashi. Ga tambayoyin da masu niyyar zuwa suka fi yi.

Wa ya gina gidan Elmina, kuma don me?

Turawan Fotugal ne. Jiragensu sun fara isa wannan gaɓa a 1471, suka tarar da zinariya tana yawo a hannun mutane, shi ya sa suka raɗa wa wurin "Mina", wato ma'adini. Masu garin kuwa, Fante, Edina suke kiran garinsu har yau. A watan Janairun 1482 wani kwamanda mai suna Diogo de Azambuja ya iso da mutum 600, sojoji 500 da magina da kafintoci 100, da duwatsu sassaƙaƙƙu da suka ɗauko tun daga gida. Ya zauna da sarkin garin, Kwamena Ansa, wanda bai so a yi ginin ba, amma aka yi. Suka sa masa sunan São Jorge da Mina. Shi ne ginin Turawa mafi tsufa da ke tsaye a Afirka kudu da Sahara.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne ba don bayi aka fara gina shi ba. Rumbun zinariya ne. A shekarun farko ma Fotugal sayo bayi suke yi daga gaɓar Binin su kawo Elmina, su sayar wa fataken Akan a biya su da zinariya. Sai da gonakin rake suka bunƙasa a Barazil da tsibiran Karibiyan, buƙatar hannaye ta ƙaru, sannan ɗakunan ajiyar kaya na ƙasa suka koma ɗakunan ajiyar mutane.

Turawan Holan sun ƙwace gidan a 1637, suka riƙe shi shekara 235, kuma yawancin abin da ido ke gani yau gyaransu ne da ƙarinsu. A 1872 suka miƙa wa Ingila ta hanyar yarjejeniya. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1979, tare da sauran gidajen yaƙin da ke jere a gaɓar Gana.

Cape Coast fa?

Ta fi ƙuruciya. Turawan Suwidin ne suka fara kafa sansani na katako a 1653, ya yi ta canza hannu har Ingila ta kama shi a 1664, ta faɗaɗa shi ya zama hedikwatarta a wannan gaɓa. Cape Coast ce babban birnin mulkin Ingila a ƙasar har 1877, lokacin da aka mayar da shi Akra, wadda tsofaffin Hausawa ke kira Ankara. Sunan garin na asali Oguaa.

Mutum nawa aka fitar ta nan?

Masana sun ƙiyasta mutum kimanin miliyan 12 da rabi aka ɗora a jiragen bayi daga Afirka zuwa nahiyar Amurka cikin ƙarni kusan huɗu, kuma fiye da miliyan ɗaya daga ciki ta gaɓar Gana ta yau suka fita, ta Elmina da Cape Coast da Anomabo da sauran ƙananan sansanoni. Wannan lissafin waɗanda suka kai ga jirgi ne. Waɗanda suka mutu a hanyar daji ko a cikin kurkuku ba sa ciki. Ingila ta haramta cinikin a 1807, Holan a 1814.

Idan lokaci ya ƙure, wanne zan zaɓa cikin biyun?

Tazararsu kilomita 13 ce kacal, minti ashirin zuwa talatin a mota, don haka a rana ɗaya ana iya haɗa su. Amma ba mu ba da wannan shawara. Wanda ya fito daga kurkukun farko ba ya da sauran zuciyar da zai saurari bayanin na biyu, sai ya riƙa bin jagora da ƙafa kawai. Gida ɗaya a rana ya fi.

In dole sai ɗaya: Elmina ta fi tsufa, ginin ya fi ɗakuna da lunguna, ga tashar kamun kifi a gindinsa, ga tudu a gefe da ake hango komai. Cape Coast kuma kurkukun mazanta ya fi girma da nauyi a rai, gidan adana kayan tarihinta ya fi cika. Mai son fahimtar yadda Turawa suka yi ta ƙwace wa juna gaɓar nan ya tafi Elmina. Mai son ganin abin da aka yi wa mutane ido da ido ya tafi Cape Coast.

Waɗanne takardu ake buƙata?

Fasfo, da katin rigakafin shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa. Ana tambayarsa a filin jirgi da kan iyaka, kuma allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10 da yin ta, saboda haka kada a bari sai ana gobe tafiya. 'Yan ƙasashen ECOWAS ba sa buƙatar biza na zaman da bai wuce kwana 90 ba. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka mai fasfon ɗayansu ya tuntuɓi ofishin jakadancin Gana kafin ya sayi tikiti.

Mai bin ƙasa daga Legas zai ratsa iyaka uku: Seme, sannan tsakanin Benin da Togo, sannan Aflao. A tabbata an buga hatimin shiga a kowace, domin rashin hatimi ɗaya shi ke zama rigima a hanyar dawowa. Agogon Gana yana bayan na Najeriya da Nijar da awa ɗaya.

Yaya ake zuwa daga Akra?

Kilomita kusan 150 ne zuwa Cape Coast, hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya ta yamma. A taswira awa biyu da rabi ce, a zahiri uku zuwa huɗu. Abin da ke cinye lokaci shi ne fita daga Akra da cunkoson Kasoa, garin da sunansa ma daga kalmar "kasuwa" ya samo asali. Wanda ya bar Akra kafin ƙarfe 6 na safe zai wuce Kasoa salin-alin. Wanda ya tashi da yammacin Juma'a ko safiyar Asabar zai sha zama, domin ranakun jana'iza da bukukuwa ne, kowa yana hanyar garinsu.

Motocin haya suna lodi a tashar Kaneshie. Akwai ƙananan bas masu na'urar sanyaya ɗaki, akwai "trotro" mai araha mai tsaye-tsaye, akwai kuma manyan motocin STC, kamfanin sufuri na gwamnati, daga tasharsu. Ƙananan ba sa tashi sai sun cika, sai a leƙa a ga yawan kujerun da suka rage kafin a biya. Hanyar tana bi ta mararrabar Winneba da Mankessim, kuma daga tagar hagu za ku hango wani sansanin a kan tudu a Abandze, wanda ake kira Amsterdam. A Cape Coast a sauka mararrabar Pedu ko a shiga har kasuwar Kotokuraba, daga nan a ɗauki tasi zuwa Elmina. Tasi iri biyu ne: na haɗaka mai ƙayyadadden kuɗi, da na shata wanda suke kira "dropping". A faɗa wa direba wanda ake so, a yi ciniki kafin a rufe ƙofa.

Ku guji tafiyar dare a wannan hanya. Mafi yawanta layi ɗaya ne kowane ɓangare, ga manyan motocin Takoradi da Abijan, ga masu wuce juna a kwana. Rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 duk shekara, kuma duhu ba ya jinkiri.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Damina biyu ake yi a wannan gaɓa: babba daga Afrilu zuwa farkon Yuli, Yuni ya fi ruwa, sai ƙarama wajen Satumba zuwa Nuwamba. Agusta ya fi kowane wata sanyi-sanyi. Daga Disamba zuwa Fabrairu ba ruwa, sai dai hazon hunturu yana dushe sararin sama, kuma Disamba lokacin baƙi ne daga ƙasashen waje, masauki yana tsada. Zafin nan ba irin na busasshiyar ƙasa ba ne, gumi ne da ba ya bushewa a jiki. Tufafin auduga marasa nauyi su ne maganinsa.

Mai son biki: Bakatue na Elmina ranar Talatar farko ta Yuli, lokacin da ake buɗe tafkin Benya ga masunta bayan makonni na hani, ana jefa koma sau uku a gaban sarki. Fetu Afahye na Cape Coast Asabar ɗin farko ta Satumba. Ranar 1 ga Agusta kuma ana tunawa da 'yanta bayi. A waɗannan ranaku sai an kama ɗaki tun da wuri.

A cikin yini kuwa, sammako ya fi. Ana buɗewa ƙarfe 9 na safe, a rufe wajen 4:30 na yamma. Kafin 11 fararen katangu ba su fara kashe ido ba, motocin ɗalibai ma ba su iso ba.

Dole ne sai da ɗan jagora?

Haka tsarin yake, kuma haka ya fi. Hukumar gidajen tarihi ta Gana ce ke kula da gidajen biyu. Ana yankar tikiti a ƙofa, kuɗin ɗan ƙasa daban, na baƙo daban, na ɗalibi mai katin shaida daban, sannan a jira a tara rukuni. Zagayen yana ɗaukar minti 45 zuwa awa ɗaya, da Turanci. Ba tare da jagora ba, ɗaki ne kawai da bango, ba za ku san wanda aka ajiye a ciki ba. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba ya tambaya a teburin tikiti ko akwai mai jin Hausa cikin ma'aikata, ko ya zo da wani daga Zango ya yi masa tafinta. In an gama ana ba jagora ɗan alheri, gwargwadon hali. Ku karɓi rasit, kuma kada ku biya kowa a waje kafin ku isa tagar.

Me zan gani a cikin gidan Elmina?

Ana shiga ta gada a kan gwalalo, ramin tsaro da aka sassaƙa cikin dutse. Tsakar gida babba ce, a tsakiyarta cocin Fotugal, wanda Turawan Holan suka mayar wurin ciniki, yanzu kuma ɗan gidan tarihi ne.

A gefen ƙofa akwai ɗakuna biyu manne da juna, kuma a nan ya kamata a tsaya a duba da kyau. Ɗaya na sojan Bature ne da ya yi laifi: ƙofarsa tana da ƙarafa da iska ke ratsawa, yana da kafar haske. Ɗayan an zana ƙoƙon kai da ƙasusuwa a samansa, ba taga, ba kafa. Nan ake jefa bawan da ya yi tawaye, ba ci ba sha, har rai ya yi halinsa. Jagora yakan shigar da rukuni ya rufe ƙofa na ɗan lokaci. Wanda ba zai iya ba ya faɗa tun kafin a rufe, ba wanda zai ga laifinsa.

Sashen mata yana da tsakar gidansa ƙarama. Ku ɗaga kai: baranda ce ta gwamna, inda yake tsayawa a fito masa da mata ya zaɓa. Akwai rijiyar tara ruwan sama a tsakiya inda ake wanke wadda aka zaɓa, da matakalar katako da ke hawa ta wata ƙofar rufi zuwa ɗakinsa. A ƙasa akwai dunƙulen ƙarfe na igwa, irin wanda ake ɗaure wa ƙafar wadda ta ƙi, a bar ta cikin rana. Ɗakunan da kansu har yau akwai wani wari mai nauyi da ba ya fita. A saman wannan sashe ne Turawan Holan suka yi nasu cocin, da ayar Zabura rubuce a bango.

Daga nan sai a sunkuya ta wata ƙaramar hanya zuwa ɗaki na ƙarshe, mai duhu, mai tsaga guda a bango. Ita ce "ƙofar da ba a dawowa". Faɗinta na mutum ɗaya ne, a kaikaice ma, domin a riƙa ƙirga su ɗaya bayan ɗaya zuwa kwale-kwalen da zai kai su jirgi. A yau ruwan ya ja baya, abin da ake gani ta tsagar yashi ne da jiragen masunta. A ƙasan ɗakin za ku ga furanni da baƙi daga Amurka da Karibiyan suka ajiye. Kada a taka, kada a matsar.

Hawa sama kuma wata duniya ce: ɗakunan gwamna masu daɓen katako, tagogi ta ko'ina, iskar teku tana kaɗawa. Akwai ɗakin da aka tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896, kafin a kai shi Saliyo, daga can tsibiran Seshel, bai dawo gida ba sai 1924.

A Cape Coast fa, me ya bambanta?

Kurkukun maza. Ana gangarawa ta wata hanya mai santsi zuwa ɗakuna biyar a ƙarƙashin ƙasa, waɗanda masu jagora ke cewa sukan ɗauki mutum har dubu. Haske da iska daga 'yan kafofi ne can sama. Akwai ɗan kwata a tsakiyar daɓe, shi ne duk magudanar da aka tanada. Daɓen da kuke takawa ba tubali ba ne zalla: abin da ya fita daga jikin mutane ne ya taru ya daskare ya zama ƙasa, kuma a inda aka kankare za a nuna muku tubalin asali da alamar inda tarin ya kai. Kai tsaye a saman ƙofar wannan kurkuku cocin Ingilishi yake. A ɗaki na ƙarshe akwai wurin tsafin Nana Tabir na mutanen garin, a bakin hanyar ƙarƙashin ƙasa da aka toshe. Ba a tilasta wa kowa yin komai a wurin, wucewa kawai ake yi.

A tsakar gida akwai kaburbura, ciki har da na Gwamna George Maclean da na Philip Quaque, ɗan Afirka na farko da cocin Ingila ta naɗa limami. Ƙofar fita teku a nan babba ce, kuma a bayanta an rubuta "ƙofar dawowa", domin a 1998 an shigo ta nan da ƙasusuwan mutum biyu daga zuriyar bayi, ɗaya daga Amurka, ɗaya daga Jamaika. Shugaba Barack Obama ya ziyarci gidan a Yulin 2009.

An yarda a ɗauki hoto?

Da waya, an yarda. Babbar kyamara da ɗaukar bidiyo na sana'a suna da kuɗinsu daban, jirgi marar matuƙi kuma sai da izini. Abin da ya rage ladabi ne. A rukuninku za a iya samun wanda ya tsallako teku don ganin inda aka fitar da kakanninsa, yana kuka. Ba wurin dariya da gyara tsayuwa ba ne, kuma ba a ɗaukar mai kuka. Hoton nishaɗi a bari sai an hau katanga wajen igwoyi.

Zan iya zuwa da yara ko tsofaffi?

Yaron da ya kai shekara goma zai fahimta, in an yi masa bayani tun a gida. Ƙanana sukan tsorata da duhu. Katangun sama ba ko'ina ke da abin kariya ba, a riƙe hannunsu. Ga tsofaffi, matsalar matakala ce: masu tsayi ne, wasu na katako, ƙofofi kuma gajeru. Mai ciwon gwiwa zai iya ganin tsakar gida da sashen ƙasa ya bar sama. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa, domin ɗakunan ƙasa akwai danshi da ƙarancin iska. Takalmi mai kama ƙasa, ruwan sha, hula ko lema. Doguwar riga ko zane mai jan ƙasa a ɗan tattare shi a kurkuku.

Wancan ƙaramin gidan na kan tudu fa, ya cancanci hawa?

Ƙwarai kuwa, kuma yawancin baƙi suna barin sa. Tudun St. Jago ke nan a Elmina, tafiyar minti goma zuwa sha biyar daga gadar tafkin Benya. Daga nan ne Turawan Holan suka ci gidan Elmina: a 1625 sun gwada suka sha kashi, a 1637 suka ja igwoyi zuwa kan tudun suka yi ta ruwan wuta daga sama har Fotugal suka sallama. Don kada wani ya yi musu irin abin da suka yi, sai suka gina sansanin soja a wurin, suka kira shi Coenraadsburg. In kun tsaya a can za ku ga dalilin da idonku, tsakar gidan Elmina tana shimfiɗe a ƙasa kamar tafin hannu.

Daga can kuma ku lura da filin da ke yamma da babban gidan. Nan tsohon garin Elmina yake. Da Ingila ta karɓi gidan, wani ɓangare na mutanen garin, waɗanda ke ƙawance da Asante, suka ƙi amincewa. Aka kama sarkinsu Kobina Gyan aka kai Saliyo, sannan a Yunin 1873 aka yi wa garin luguden wuta aka ƙone shi ƙurmus. Ba a sake gina shi a wurin ba. Da la'asar ake hawa, in rana ta yi sanyi.

Akwai abin gani a cikin gari?

Gadar tafkin Benya da sassafe. Ɗaruruwan kwale-kwale masu fenti kala-kala da tutoci suna shigowa, mata suna jira da manyan kwanoni, ana ciniki da ihu. Kasuwar kifin tana da laka da santsi, kuma masu aiki ba sa son a ɗauke su hoto ba sallama. A gaisa, a nemi izini, in an ƙi a haƙura. Ranar Talata masunta ba sa shiga teku, ranar ɗinkin koma ce, don haka mai son ganin hada-hada ya zaɓi wata rana.

A unguwanni za ku ci karo da gine-ginen siminti masu mutum-mutumi, jirgi ko zaki ko soja. "Posuban" ake ce musu, na ƙungiyoyin mayaƙan gargajiya na Asafo. Akwai maƙabartar Turawan Holan ta 1806. Akwai kuma tarihin sojojin Afirka kimanin 3,000 da Holan ta ɗiba ta Elmina tsakanin 1831 da 1872 ta kai Indunusiya, wasunsu suka dawo suka zauna a tudun da ake kira Java.

Samarin da ke tare mutum a ƙofa fa?

Dabararsu ɗaya ce. Za su tambayi sunanku da fara'a, in kun fito sai ku tarar an rubuta shi a jikin ƙwaryar katantanwar teku ko an saƙa shi a abin hannu, a ce kyauta ce, sannan a fito da takardar neman taimakon ƙungiyar ƙwallo. Ba masu cutarwa ba ne, neman abinci suke. In ba ku so, kada ku ba da suna, ku ce "medaase", wato na gode, ku wuce. In kuna so, ku yi ciniki tun kafin a rubuta.

Ana wanka a tekun?

Kada ku shiga. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana da ƙarfi, kuma akwai jan ruwa da ke komawa cikin teku, wanda ko gwanin iyo a kogi bai saba da shi ba. Alamarsa wani layi ne da ruwan ya yi kamar ya lafa tsakanin raƙuman ruwa biyu, shi ya sa baƙo ke zaɓarsa. Wanda tsautsayi ya sa ya faɗa, kada ya yi kokawa da shi yana neman tudu kai tsaye, ƙarfinsa zai ƙare. Ya bi gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga layin. Yawancin bakin ruwan ba masu ceto, kuma kusa da gari ba shi da tsabta. Lambar gaggawa a Gana 112.

Musulmi zai sami abinci da wurin salla?

Ba wahala. Ku ce wa direba ya kai ku Zango. Garuruwan biyu suna da shi, da masallatai, kuma Hausa ce harshen unguwar. Da safe akwai koko da ƙosai, akwai "waakye", shinkafa da wake ke nan, akwai tuwon zafi, da dare akwai masu tsire. Abincin gaɓa kuwa dokunun Fante ne, curin masara mai ɗan tsami da ake naɗewa a ganyen ayaba, da soyayyen kifi da yajin "shito". A gidajen abinci na gari ana sayar da alade da naman daji, wani lokaci a tukunya ɗaya da sauran nama, sai a tambaya, ko a tsaya a kan kifi. Ruwa na gora ko na leda.

A cikin gidajen tarihin ba a ware masallaci ba, a tsara ziyara tsakanin salloli. Alƙibla gabas ce da ɗan karkata arewa, teku kuma tana kudu, wato a hannun dama.

Ina Hausawa suka shigo cikin wannan tarihi?

Ta hanya biyu, kuma duka biyun sun cancanci a faɗe su. Ta farko fatauci: ayarin goro daga Kano da Katsina zuwa Gwanja, inda Salaga ta zama babbar kasuwa. A Salaga ba goro kaɗai ake sayarwa ba, har da mutane, kuma cikin waɗanda aka kora kudu zuwa gaɓa akwai mutanen arewacin Gana ta yau da maƙwabtansu. Bature yana jira a bakin ruwa, amma kamawa da korowa da sayarwa, hannun 'yan Afirka na ciki. Masu jagora ba sa ɓoye wannan.

Ta biyu aikin soja. Rundunar da John Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda aka sani da sunan Hausawa, an kawo ta wannan gaɓa ta yi wa Ingila yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, wanda ya ƙare da ƙone Kumasi. Daga cikin tsoffin sojojin da fataken ne zangunan kudancin Gana suka yi ƙarfi.

Kuɗi da waya fa?

Kuɗin ƙasar sidi ne, pesewa 100 ke yin ɗaya. A yi canji a Akra ko kan iyaka, a riƙe ƙananan takardu, domin mai tasi da mai kifi ba sa samun canjin babbar takarda. Na'urorin cirar kuɗi sun fi yawa a Cape Coast. Kusan kowa yana karɓar kuɗi ta waya, "momo" suke cewa, amma sai da layin Gana, wanda ake yi wa baƙo rajista da fasfo a ofishin kamfanin. Soket ɗin wuta mai ƙafa uku ne irin na Ingila.

Ina ya fi dacewa a kwana?

Cape Coast ta fi yawan masaukai masu sauƙin kuɗi da motoci. Otal-otal na bakin ruwa suna tsakanin garuruwan biyu da yammacin Elmina, sun fi shiru, sun fi tsada, kuma da dare samun tasi sai an kira. Kafin a biya a duba abu uku: ruwa yana zuwa a famfo, akwai janareta, tagogi suna da raga ko gado yana da gidan sauro.

Kwana nawa ya isa, kuma me za a haɗa da shi?

Kwana biyu cikakku, uku in da hali. Ranar farko Elmina: gada da sassafe, gidan da ƙarfe 9, tudu da la'asar. Ta biyu Cape Coast da gidan tarihinta. Ta uku a fita arewa.

Gandun dajin Kakum yana kimanin kilomita 30 daga Cape Coast. Abin da ya yi suna da shi gadojin igiya ne guda bakwai da aka rataya tsakanin manyan itatuwa, tsawonsu gaba ɗaya ya haura mita 300, wani wurin kusan mita 40 daga ƙasa. Kafin a kai gare su akwai hawan tudu na kimanin minti ashirin. Gadar tana lilo, faɗinta na katako ɗaya ne, amma raga ta kewaye ta har ƙirji, kuma akwai gajeriyar hanyar fita ga wanda ya ji ba zai iya ƙarasawa ba. Kada a sa ran ganin giwa, suna can cikin ƙurmi. A je da buɗewa, kafin cunkoso.

Assin Manso kuma tana kimanin kilomita 40 a hanyar Kumasi. Nan ne rafin da ake tsayar da bayin da aka koro daga arewa a yi musu wankan ƙarshe, a shafe su da mai don su yi kyan gani, kafin a ƙarasa da su gaɓa. A nan aka binne mutum biyun da aka dawo da su a 1998. Mai zuwa da motar shata daga Kumasi ya fara tsayawa a Assin Manso kafin ya gangara Cape Coast, domin haka hanyar ta bi da bayin. Daga rafin zuwa ƙofar kurkuku tafiyar awa ɗaya ce a mota.